Jawabi A Kan Daji Da Burtali, Wanda Aka Yi Ga Taron Ma'aikata A Sanyinna

Iyayen ƙasa, Allah ya ba ku nasara. Malamai, Allah ya gafarta muku. Dattawa waɗanda suka yi wa En'e aiki tun tana raye, da ku samari da kuka gaje su a ofisoshin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da dagatai, da masu unguwa, da arɗo-arɗo, ina gaishe ku gaba ɗaya, ko wane da girman da Allah ya ba shi.

An taru yau domin a tuna da mutanen da suka riƙe aikin ƙasar nan, na raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. To, yabon ma'aikaci ba ya cika sai an duba abin da aka ba shi tsaro, an ga ko yana nan. A cikin ma'aikatan En'e akwai waɗansu da ba a cika ambatonsu ba, watau malamin daji, da dogarin daji, da malamin dabbobi, da malamin gona. Amanar da aka ba su ita ce daji, da ciyawarsa, da itatuwansa, da burtalin da ke ratsa shi, da mashayar da ke ƙarshensa. A kan wannan amana zan yi magana, domin tana cikin haɗari, kuma a wuyanmu ta ke.

Ku sani, abin da mu ke kira daji ba kango ba ne. Rumbu ne wanda ba shi da jinka. Ƙasarmu ruwa ba ya daɗewa cikinta. A Birnin Sakkwato abin da ke sauka a shekara wajen milimita 600 ne zuwa 700, nan kudu kuwa ya ɗan fi haka, amma dai duka a cikin wata huɗu ya ke zuwa, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas sai rana da iska. Masana sun auna, sun ce saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 ko wace rana. Ku lissafa da kanku. A cikin kwana 240 na rani saniya guda za ta ci kusan kilo 1,500. Mai saniya hamsin fa? Ba wanda zai iya sayen wannan a kasuwa ya wanye lafiya. Daji ne ke biya, shi da karan gona da fadama.

Daji kuwa ba ya iya biyan wannan bashi sai da yawan iri. Abin da masu ilmin zamani ke ta magana a kai ke nan, su ce a tsare yawan ire-iren halitta, makiyayi kuwa ya san shi tun yana yaro, ko da bai ba shi suna ba. Ko wace ciyawa da lokacinta, ko wane itace da ranar amfaninsa. Da ruwan fari ya sauka, gamba ce ke fara tofo, domin saiwarta ba ta mutu ba, barci ta yi. Bayanta sai gude-gude da harkiya su fito, dabbobi su sami na lasa. Da damina ta yi nisa kyasuwa ta tashi, a yanka a adana. Da kaka shanu su shiga gonaki su ci kara da ragowar harawa, su bar taki, mai gona ya yi murna har ya ba da damin gero. Da rani ya tsananta a gangara fadama, ko ta yamma wajen Gulbin Kabi, ko ta kudu wajen Gulbin Zamfara, inda burugu ke jiran su bayan ruwa ya janye. Da bazara kuwa, sa'ad da ciyawa ta bushe ta zama kamar tsinke ba ta da maiƙo, itatuwa ne ke ceton garke: 'ya'yan gawo, da ganyen marke, da kawo, da madobiya, da aduwa, da kwasfar kalgo. Gawo ma Allah ya yi shi daban da sauran itatuwa. Da damina ya kan kakkaɓe ganyensa, hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani kuwa ya yi kore shar, ya ba da inuwa da abinci.

In an cire ɗaya daga cikin waɗannan, an huda shekarar makiyayi. Ba makiyayi kaɗai ba kuwa. Majemi ba ya jima sai da bagaruwa, maƙeri ba ya ƙira sai da gawayin ƙirya, mai daddawa tana jiran ɗorawa, mai man kaɗe tana jiran kaɗanya, mai zana da mai jinka suna jiran gamba, mai amya yana jiran fure. Har ƙananan halittun da mu ke rainawa suna da nasu aiki. Buzuzu na binne kashin shanu ya mai da shi taki, gara na huda ƙasa ruwa ya shiga, ungulu na share mushe kafin cuta ta yaɗu. Ku tambayi dattawan nan yaushe rabonsu da ganin barewa ko gwanki a dajin Kebbe, ko ungulu a mahauta. Amsarsu ta ishe ku wa'azi.

Yanzu bari in faɗa muku yadda daji ya ke mutuwa, domin ba dare ɗaya ya ke mutuwa ba, yana da matakai kamar ciwo. Da fari gamba ce ke tafiya. In dabba ta ci tofonta, ta sake tofowa aka sake ci, aka yi ta haka ba hutu, sai abincin da ke cikin saiwar ya ƙare, kututturen ya bushe. Sa'an nan ciyayi masu fita daga iri ko wace shekara su maye gurbinta. Su ma in an cinye su kafin su zub da iri, sai su ragu. Daga nan sai abin da dabba ba ta so ya cika wurin, watau tafasa, da tumfafiya, da garmani wanda ya mamaye makiyayu da burtulla masu yawa a ƙasar Nijar. Mai wucewa a mota da damina ya ga kore ya ce daji na nan lafiya, saniya kuwa ta shiga ta fito da yunwa. Daga ƙarshe sai ƙasa ta tsiraita. Ɗigon ruwa ya doke ta, kofato ya daddage ta, fuskarta ta rufe ta zama faƙo. Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya kwarara, ya kwashe ƙasar kirki, ya haƙa kwazazzabo, ya kai rairayi ya zuba a fadama ya kashe ta ita ma. Ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, damina kaɗan sun isa su kwashe ta.

Jama'a da yawa, in aka tambaye su dalilin wannan, sai su ce hamada ce ke tahowa daga arewa. Wannan magana tsohuwa ce, kuma an riga an bincika ta. A shekarar 1934 wani malamin daji Bature, sunansa Stebbing, mai koyarwa a jami'ar Edinbara, ya zagaya arewacin Nijeriya da rani. Ya koma ya rubuta a 1935 cewa Sahara na kwararowa kudu, za ta cinye ƙasar. Hankalin hukuma ya tashi, har Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatansu, suka bi iyaka a ƙarshen 1936 da farkon 1937 suna dubawa. Ba su tarar da wani tudun rairayi mai tafiya yana binne garuruwa ba. Abin da suka tarar shi ne ɓarna wuri wuri, inda aka sassabe daji, aka sare itace, aka nome ƙasa ba hutu. Bayan shekara hamsin aka sami taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa daga sama, suka nuna cewa bakin hamada yana matsowa a shekarun fari, yana ja da baya a shekarun ruwa. Ba cewa na ke yi fari ba ya ɓarna ba. Waɗanda suka ga na 1973 da na 1984 sun san yadda dabbobi suka faɗi, itatuwa suka bushe a tsaye. Amma fari baƙo ne, ya kan zo ya tafi. Abin da ke hana ƙasa farfaɗowa bayan tafiyarsa yana nan cikin gida, a bakin gatarinmu da garmarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan kuwa labari ne mai daɗi ga mai hankali, domin abin da hannu ya ɓata hannu na iya gyarawa.

Waɗansu kuma su ce yawon Fulani ne ya kashe daji, in da za su zauna wuri ɗaya da an huta. Ku yi hankali da wannan magana. A ƙasar da ruwa ke sauka nan ya tsallake can, tashin garke shi ne hutun makiyaya. Shanun da suka tafi kudu da rani, ko suka haura arewa da damina, sun bar wa wurin da suka taso damar numfashi. Ku duba inda faƙo ya fi muni, za ku ga a gefen gari ne, da kewayen rijiyar burtsatse, inda dabbobi ba su ɗagawa shekara ta zagayo. Ba tafiya ce ke cin ƙasa ba, rashin wurin tafiya ne.

Magabatanmu sun san haka, sun kuwa yi masa shari'a. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin jama'a, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. A nan maƙwabtanmu, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, da yadda a ke mallakarta, da hurumin da ba ya halatta wani ya mallake shi. Gari na da huruminsa inda dabbobi ke kiwo mata ke itace, rijiya na da nata, gulbi na da nasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, ya zaunar da Fulani kusa da manoma, a wannan zamani ne kuma Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal. Manomi da makiyayi ba za su zauna gari guda ba sai da iyaka wadda kowa ya sani. Burtali ke nan, da makiyaya, da mashaya. Dagaci ya san su, arɗo ya san su, wanda ya ci burtali da garma kuwa ya san za a kira shi gaban hakimi.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai aka ɗora aikin En'e a kan wannan tushe. Dokar daji ta 1916, da wadda ta biyo ta a 1937, sun ba En'e ikon yanka gandun daji. Malamin daji ya bi da kamfas da sarƙa ya auna, a share iyaka, a kafa alama, dogarin daji ya riƙa zagayawa a ƙasa ko bisa keke. Akwai itatuwan da ba a sarewa sai da takarda. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, aka fara shuka shi a Barno a 1928, ya iso ƙasar Sakkwato, ga shi yau ya zama inuwar ko wace kasuwa. Malamin dabbobi ya bi ruga ruga da allurar bushiya, cutar da ta kusa ƙarar da shanun Fulani wajen 1890, ta kuma sake ɓarkewa a 1983. Yau babu ita a duniya duka, an ba da shelar ƙarewarta a 2011, kuma waɗansu daga cikin dattawan da ke zaune nan suna da hannu a wannan nasara. Har jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, malaman dabbobi sun tsare irinta, su kan dandaƙe bunsurun da ba ja ba domin kada iri ya gurɓata.

Ba a ce zamanin nan ba shi da aibu ba. An yanka gandun daji a inda talaka ke noma, an ci tarar mace a kan ɗaurin itace, jangali kuwa ya yi wa makiyaya nauyi har su kan ɓoye shanu ko su ƙetare iyaka. Amma abu guda ya tabbata, ko wane yanki na daji akwai mutumin da za a tambaya in ya lalace, an san sunansa, an san gidansa. Jangalin ma, duk da ɗacinsa, ya sa ana ƙidaya shanu ko wace shekara, ya kuma sa baitulmali na da dalilin kula da makiyayi.

Daga baya al'amura suka sake. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A ƙasar nan duka an lissafa irin waɗannan wurare wajen 415, amma waɗanda aka tabbatar da su a takardar doka ba su kai rabi ba, saura kuwa gonaki suka yi ta gutsurarsu. A tsakiyar shekarun 1970 aka soke jangali. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, sauran ikon En'e ya ƙare. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa, wadda ta ɗauke ikon ƙasa ta ba gwamna da ƙaramar hukuma. A wannan shekara kuma aka gama madatsar Bakolori, ta Goronyo ta biyo baya a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da su ta sake hali. Noman rani da injin ban ruwa ya cika fadama, wannan alheri ne ga manomi, amma ya rufe wa shanu burugu da hanyar ruwa a daidai lokacin da suka fi bukata. Jama'a kuma ta yi yawa. A ƙidayar 2006 an sami fiye da mutum 220,000 a ƙaramar hukumar Tambuwal, fiye da 120,000 a ta Kebbe, yanzu kuwa an haifi wani ƙarni a kan wannan. Saura ta ɓace, ba mai barin gona ta huta. Kara da harawa da a ke bar wa shanu a gona sun zama kayan sayarwa. Buhunan gawayi kuwa kuna ganinsu jere a bakin hanyar Jega zuwa Sakkwato.

Ƙarshen wannan duka kun san shi. Burtalin da garke ke bi a sake ya tsuke har saniya biyu ba su jerawa. Saniya ta kai baki gona, a yi faɗa, a yi rauni, a ci tara fiye da ɓarna, ƙiyayya ta shiga tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi musayar nono da gero. Abin da ya auku a Zamfara, inda aka yanka manyan dazuzzukan kiwo aka raba gonaki, sa'an nan satar shanu da fashin daji suka yi ƙarfi tun wajen 2011, ba shi da dalili guda, amma ba mai musun cewa rigimar ƙasa na cikin tushensa. Tartsatsinsa ya riga ya taɓa mu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mene ne magani? Gwamnati ba ta zauna ba. Ƙasashen Afirka sun amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa. A 2024 aka kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya. Duk muna maraba. Amma ku da kuka yi aikin daji kun san yawan dashen da a ke yi da biki a watan Yuli, kafin Maris awaki da ƙishirwa sun gama da shi. Sabo da haka ina so ku dubi abin da 'yan'uwanmu Hausawa na ƙasar Maraɗi suka yi, waɗanda ruwansu bai kai namu ba.

A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har a yi shuka sau biyu sau uku. Wani mutumin Ostareliya, sunansa Toni Rinaudo, ya sha wahalar dashe yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa ko wace bazara, su sabara da kalgo da gawo, ba ciyayi ba ne, tofon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. In ka zo sassabe, kada ka share kututture duka. Zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse saura, ka riƙa yi musu aski ko wace shekara. Da ya ke saiwar ta riga ta kai ga laima, itacen ya kan yi saurin tashi fiye da dashe nesa ba kusa ba, ba ya kuwa bukatar ban ruwa. Suka sa masa suna sassaben zamani. Da fari an yi wa masu yi dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Amma da hukumar Nijar ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A ƙasar Tawa kuma suka farfaɗo da faƙo da ramukan da su ke kira tassa, da gini mai siffar rabin wata wanda ke tare ruwa, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, a watsa irin ciyawa. Maraɗi ba Makka ba ce, tafiyar yini guda ce. Gani ya kori ji.

Sabo da haka ga roƙona, ko wane da gwargwadon kujerarsa. Iyayen ƙasa da dagatai, Allah ya ja zamaninku, dattawan da suka san inda burtulla da mashayu su ke na asali suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A fita da su tun suna iya tafiya, tare da arɗo da masu gonakin gefe, a bi burtali ƙafa da ƙafa, a kafa turaku na siminti, a shuka aduwa da bagaruwa a kan iyaka, a rubuta, kowa ya sa hannu. A yi wannan da rani, kafin a yi shuka, domin iyakar da aka tsaida bayan hatsi ya tsiro rigima ce.

Ma'aikatan ƙasa na ƙaramar hukuma, ku sani dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da ƙasa har hekta 500 domin noma, har hekta 5,000 domin kiwo. An yi ta amfani da na farko, an manta da na biyu. Makiyayar da ba ta da takarda, ranar da mai kuɗi ya zo da tasa takarda ta tafi. Ku rubuta wa ko wane gari makiyayarsa da sunan jama'ar garin.

Malaman daji, ku mai da kanku malamai na gaskiya, kada a san ku da rasiɗin tara kaɗai. Manomin da ke tsoron za a kama shi a kan itacen gonarsa, zai kashe shi tun yana tsiro. Ku tabbatar masa abin da ya raina nasa ne, shi zai sassabe reshensa, shi zai ci 'ya'yansa. Ƙarfin doka kuwa ku ajiye shi ga mai sare ɗanyen itace lodin mota, da mai cinna wa daji wuta da rani domin ɓera ko zomo.

Makiyaya, ku ma da naku. Ku yarda a raba makiyaya kashi kashi, a killace kashi ɗaya damina biyu ko uku har gamba ta zub da iri, sa'an nan a buɗe shi a killace wani. In kun hau gawo ko marke, ku sassabi reshe, kada ku yi masa ƙwal-kwabo, domin itacen da aka aske duk shekara ba ya 'ya'ya, ƙarshensa ya mutu. Kada a bar wa ƙaramin yaro garke a gefen gona. In fari ya nuna alama kuma, a rage dabbobi tun suna da tsoka, kafin mahauci ya saye su da kuɗin fata.

Na san wani zai ce, mai iyali goma da gona guda, yaya za a ce ya bar kamu goma na burtali? Tambaya ce ta gaskiya, ba a kuwa amsa ta da tsawa. Amsarta ita ce gonar da ke hannunsa ta ƙara albarka, har ya daina hangen ta gefe. Gonar da ke da gawo, wadda shanu suka kwana cikinta da rani, wadda ruwa ke nutsewa cikinta, ta fi ba da dami bisa wadda aka faɗaɗa da cin burtali aka bar ta tsirara. Takin kanti ya yi tsada, na shanu kuwa ba ya isowa gona sai ta burtali. Wanda ya toshe burtali ya toshe wa gonarsa hanyar abinci.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2026 domin tunawa da makiyayu da masu kiwo. Can za a yi taruka, a yi jawabai da harsuna iri iri. Amma turken iyaka ba a kafa shi daga Abuja, balle daga Amurka. Dagaci ne ke kafa shi, da arɗo, da ma'aikacin da ya yarda ya taka rana. Dattawan da mu ke girmamawa yau sun yi nasu da keke da gora, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Da tsohuwar zuma a kan yi magani, sabo da haka ku samari ku zauna gabansu ku tambaye su tun suna nan.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya yafe musu kurakuransu. Allah ya ƙara wa na raye lafiya, ya taimaki Sarkin Musulmi da iyayen ƙasa a kan gaskiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sanya zaman lafiya tsakanin mai garma da mai sanda. Amin. Wassalamu alaikum.